Sallar Shekarar Korona: Yadda Zuwa Gaisuwa Ya Raba Kan 'Yan Gida Ɗaya A Madawa, Buza Da Keita

A ƙasar Adar da kwarin Tarka, tafiyar maza da dawowarsu ita ce ke raba shekara gida biyu. Da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, samari da magidanta daga Keita, Tamaske, Garhanga, Buza, Karofane, Bangi da Sabon Gida sai su kama hanyar bida, wasu Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Kamaru, wasu kuma su tsallaka hamada zuwa Libiya da Aljeriya. Abu biyu ne ke maido su gida: goshin damina da kuma Sallah. A shekarar 2020 waɗannan abubuwa biyu sun zo a tare, domin Ƙaramar Sallah ta faɗo a ƙarshen watan Mayu, daidai lokacin da ake sharar gona ana duban gabas. To a wannan shekarar ce kuma aka rufe hanyoyi, aka ce duk wanda ya fito wata ƙasa ya keɓe kansa kwana 14 kafin ya shiga cikin mutane.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 17 ga Maris na 2020 ne shugaban ƙasa na wancan lokaci, Issoufou Mahamadou, ya yi jawabi ya ba da sanarwar rufe iyakokin ƙasa da filayen jiragen sama na Yamai da Damagaram, da makarantu, tare da hana taron da ya wuce mutum 50. Kwana biyu bayan haka, ranar 19 ga Maris, aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijar, wani ma'aikacin kamfanin sufuri da ya biyo ta Lome, Akara, Abijan da Wagadugu, wato dai hanyar da 'yan bidarmu suka sani kamar tafin hannunsu. An rufe masallatai da majami'u. Ranar 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta kiwon lafiya, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita sai da izini. Ta ɓangaren kudu kuwa dama tun watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta saboda maganar shinkafa da man fetur, 'yan kasuwar Ƙonni da Madawa suna cikin wannan ƙunci korona ta zo ta iske su.

Sai dai duk wanda ya san iyakarmu ya san rufewa a bakin duwan take. Mai babur na ɗaukar mutum daga ƙauyukan jahar Sakkwato ya ajiye shi a ƙasar Bangi ba tare da ya ga jandarma ko ɗaya ba. Saboda haka mutane sun ci gaba da dawowa, sai dai ba wanda ya auna su, ba wanda ya rubuta sunansu. Hukuncin abin da za a yi da wanda ya dawo ya koma hannun 'yan gidansu, kuma a nan ne rigimar ta fara.

A watannin Afrilu da Mayu na wannan shekarar, wayoyin da muka riƙa samu a shirinmu na rediyo kusan duk labari ɗaya ne da fuska daban-daban. Yaro ya dawo daga Kano. A lokacin kuwa labarin mace-macen Kano ya cika gari, ana ta binne dattawa da manyan mutane, har daga baya ministan lafiya na Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙidaya mutum 979, kuma ana kyautata zaton fiye da rabinsu korona ce ta yi sanadi. Yayansa, wanda watakila malamin makaranta ne ko ma'aikacin asibiti, ya ce kada ya shiga ɗakin Inna sai ya cika kwana 14. Inna ta ce ɗan da ta yi wata takwas ba ta gani ba, ba wanda ya isa ya tsare mata shi a zaure kamar baƙon da ba a san asalinsa ba. Shi kuma yaron, da ya kwaso gajiya da 'yar tsarabarsa ta atamfa da sabulu, sai ya ji kamar an ce masa ya kawo wa gida annoba ne. Akwai waɗanda a daren suka ɗauki jakarsu suka koma gidan aboki, suka yi Sallah a can cikin fushi.

A nan ya kamata a tsaya a dubi ita kanta dokar. Likitoci suna da hujja, domin ƙwayar cutar na iya kwanciya a jikin mutum kwana biyar ko shida, wani lokaci har mako biyu, kafin ya fara tari ko zazzaɓi, kuma wani ma ba zai ji komai ba alhali yana rarraba ta. Saurayi mai ƙarfi zai iya warkewa bai san ya yi ba, amma tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga shi ne take kayarwa. To amma wanda ya tsara maganar keɓe kai, gidan da ke cikin ransa gida ne mai ɗakin baƙi da makewayinsa daban da pampo a tsakar gida. A gidajenmu na Buza da Keita randa ɗaya ce, moɗa ɗaya, buta ɗaya, maza kwano ɗaya suke sa hannu, ruwan ma sai an je rijiya ko an bi layi. Ina za a ajiye mutum kwana 14? Wa zai kai masa tuwo, wa zai wanke kwanon?

Amsar kowa ya san ta: matarsa ce, ko ƙanwarsa. Ita ɗin kuma ita ce gobe da sassafe za ta kafa kaskon ƙosai a bakin tasha, ko ta ɗauki ƙwaryar fura ta shiga kasuwa, ko ta kai tabarmin da ta saƙa wurin dillali a Madawa. Wannan shi ne abin da masu wa'azin tsabta a rediyo, har da mu, muka fi jin ƙorafi a kansa daga bakin mata. Wata mai sayar da abinci daga wani gari a gundumar Buza ta kira mu ta ce ita ba musun ciwon take ba, tsoronta shi ne ranar da aka ji an keɓe mijinta a ɗaki, to daga ranar ba wanda zai sake sayen shinkafarta, kuma da wannan cinikin ne take zuba adashi take ciyar da yara tun da ya tafi. Ta ce gara ya fito ya gaisa da kowa a ga lafiyarsa lau. Wato matan da ake zargi da jahilci saboda sun ƙi yarda a keɓe mazansu, da yawansu lissafi suka yi, kuma lissafin kasuwa ne. Kwana 14 ba ciniki, a cikin azumi, ga ɗinkin Sallar yara, ga zubin asusun Mata Masu Dubara da ba ya jira, wa zai biya? Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na watan Afrilu da Mayu, amma wannan sauƙi ne ga mai mita a gidansa, bai kai ga matar ƙauyen da ke kunna cocila ba.

Rigima ta biyu ta fi wannan zafi, kuma ita ce har yau ba ta gama hucewa ba a wasu gidaje. Ita ce ta 'ya'yan da ke Yamai, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai. Muddin birnin na killace, ba wanda ya ga laifinsu, magana ɗaya ce: gwamnati ta hana. Sai ga shi ranar 13 ga Mayu an buɗe masallatai an ɗage dokar hana fitar dare, ranar 15 ga Mayu kuma aka buɗe ƙofofin Yamai, saura kwanaki kaɗan Sallah. Daga ranar uzurin ya faɗi. Duk wanda bai zo ba, shi ne da kansa ya zaɓi kada ya zo, kuma dole ya faɗa wa mahaifinsa haka da bakinsa.

Ka ɗauki ma'aikacin da ke zaune a Yamai, inda mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu suke, ya ga yadda ciwon ya ɗauki ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu, ga shi kuma yana da tsoho a Tamaske mai shekara saba'in da wani abu, ƙafa na kumbura. Ya zauna ya yi tunani ya ga idan ya shiga motar haya cike da mutane ya kwana a hanya, ya je ya durƙusa gaban Baba ya kama hannunsa, to bai san abin da ya kai masa ba. Sai ya tafi wurin masu aika kuɗi ya tura kuɗin Sallah, har ya ƙara a kan na bara, ya buga waya ya ce a yi haƙuri bana. A nasa ganin ya kare mahaifinsa. A gida kuwa fassarar da aka yi ita ce: ya zama babban mutum, yana ƙyamar mu, ya aiko kuɗi ya sayi zuwansa. Ƙanensa da ke riƙe da gona, wanda dama yana da ciwon cewa shi aka bari da wahala, shi ne ya fi kowa hura wutar. Ga kuma matan 'yan'uwa a gefe, facaloli, kowace na cewa matarsa ce ta hana shi.

Ni a nawa ganin, wanda ya ƙi kai wa tsoho abin da bai sani ba ya yi daidai, kuma ba tsoro ba ne. Inda da yawansu suka ɓata rawarsu shi ne yadda suka isar da maganar. Wani ta saƙon waya ya aiko wa ƙanensa, bai kira Baba ba. Wani ya yi ta zuba bayani da Faransanci kamar yana gaban ɗalibai. A ƙasarmu ba a gaya wa uba cewa ba za a zo ba ta bakin yaro. Kawu ake samu ko aminin uban, ko limamin unguwa, a ce ya je ya zauna ya warware masa. Gidajen da aka bi wannan hanya, galibi maganar ba ta kai ko'ina ba. Akwai kuma waɗanda suka zo, suka sauka a wani gida daban, suka riƙa zuwa da safe suna tsayawa daga bakin ƙofa suna gaida tsofaffi da ƙyalle a baki. An yi musu dariya, an kira su 'yan boko, amma an gan su, kuma ba wanda ya riƙe su a zuci.

Kowane ɓangare kuma yana da malaminsa. Masu cewa a zauna suna kawo hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa, da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Masu cewa a zo suna kawo girman haƙƙin iyaye da haɗarin yanke zumunci, su ƙara da cewa ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare. Rufe masallatai ya riga ya ɓata wa jama'a rai, an yi tarzoma a Mirya cikin jahar Damagaram tun a watan Maris, aka kuma yi a unguwannin Yamai a watan Afrilu gab da azumi, aka kama mutane da dama. Saboda haka duk wanda ya ce a yi hattara, nan take wasu ke lissafa shi cikin waɗanda suka hana jam'i. Abin da ya ɗan sanyaya wasu dattawa shi ne jin cewa Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya yi kira a guji cunkoson idi, Kano ta soke hawan Sallah, sannan Saudiyya ta ce ba mai zuwa aikin Hajjin 2020 daga waje. Wani dattijo ya ce mana idan har Ka'aba aka taƙaita, to zaurensa ba komai ba ne.

Dole a faɗi gaskiya, masu shakka ba haka kawai suke shakka ba. A Madawa, Buza da Keita mutane da yawa ba su taɓa ganin wanda aka ce ga shi korona ce ta kwantar da shi ba. A farkon lamarin sai an kai samfuri cibiyar CERMES a Yamai kafin a tabbatar, kuma tsohon da ya yi tari ya rasu a ƙauye ba wanda ya auna shi, an ce sanyi ne ko tsufa. Kusan rabin al'ummar Nijar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, waɗanda ciwon bai cika yi wa illa ba. Har zuwa lokacin da hukumar lafiya ta duniya ta janye dokar ta-ɓaci a watan Mayu na 2023, waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk faɗin ƙasar ba su kai dubu 10 ba, waɗanda suka rasu kuma ɗari uku ne da 'yan kai, alhali zazzaɓin cizon sauro na kashe dubbai kowace shekara, mafi yawansu yara. Uwar da ta binne ɗa a damina saboda masassara, yaya za ka gamsar da ita cewa ciwon da ba ta taɓa gani ba shi ne zai hana ta rungumar ɗanta? Shi ya sa aka riƙa kiransa ciwon manya, ciwon masu hawa jirgi.

Akwai wata rigimar da ba a cika kawo ta rediyo ba sai a wurin daka da bakin rijiya, ita ce ta matan aure da zuwa ganin gida. Al'ada ce bayan Sallah mace ta ɗauki yara ta je garinsu ta gaida iyaye, musamman amarya a shekararta ta farko. A 2020 korona ta zama sanda a hannun wasu mazan. Wanda dama ba ya son biyan kuɗin mota da tsarabar surukai, sai ya ce likita ya hana, alhali shi kullum yana majalisa ana shan shayi da kofi ɗaya. Wani ya bar uwargida ta tafi saboda garinsu kusa ne, ya hana amarya saboda nasu na bakin iyaka, ita kuwa ba ta ga iyaka ba, bambanci ta gani. Matan Adar ba baƙin riƙon gida ba ne, tun zamanin aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 su ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dasa itatuwa saboda maza na bida. Macen da ta riƙe gida wata takwas ita kaɗai, ranar da ta nemi kwana uku a gidan ubanta aka ce mata akwai annoba, ba ta manta ba.

Kafin Sallar Layya, wadda ta zo a ƙarshen watan Yuli, tsoron ya ragu sosai. An koma makaranta tun 1 ga Yuni, damina ta kankama, mutane sun koma musabaha. An jera raguna a jikin itace kewaye da wuta kamar kullum, washegari yara suka bi gida-gida da rabon nama ba wanda ya tambaye su ƙyallen baki. Masu kiwo da dillalan kasuwar Tunfafi su abin da ya dame su daban ne, iyakar Najeriya na rufe, fitar da dabba sai ta ɓarauniyar hanya. Amma ga 'yan bida na nesa rigimar ta sake salo. An buɗe filayen jirgi ranar 1 ga Agusta, wanda bai amfani mai tura baro a Abijan da komai ba. Iyakokin ƙasa na Nijar ba a buɗe su ba sai a watan Yuni na 2021, Kodebuwa kuwa ta bar nata a rufe har watan Fabrairu na 2023. Mai son zuwa sai ya biya masu babur da masu tsallakarwa a kowace iyaka, kuɗin da zai ishe shi sayen rago. Sai gida ya rabu biyu: uwa na cewa ya zo ko da hannu wofi, mata na cewa ya zauna ya aiko kuɗin, domin in ya zo ya cinye jarin a hanya su ne za su ji a jikinsu lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Akwai gidajen da suruka da matar ɗa suka daina magana a kan wannan.

Abin da ya ƙarasa karya gwiwar masu kiran a yi hattara shi ne yaƙin neman zaɓen watan Disamba na 2020. Ciwon ya dawo da ƙarfi a wannan lokaci, har ya ɗauki gwamnan Yamai Issaka Assane Karanta, amma filayen taro cike suke maƙil, ana kiɗa ana rawa, kafaɗa da kafaɗa. Duk wanda aka hana shi zuwa Sallah a watan Mayu ya samu abin faɗa. An fara rigakafi a ƙarshen watan Maris na 2021, ita ma ta zo da tata gardamar.

Mafi nauyin abin da ya rage shi ne na gidajen da aka yi rashi. Tsoho ya nemi ɗansa a Ƙaramar Sallah bai zo ba, aka ce sai Layya, kafin Layya Allah ya karɓi abinsa da wani ciwo daban. Ɗan ya zo ta'aziyya ya iske an riga an yanke masa hukunci. Na san gidan da har yau idan aka zauna rabon amfanin gona sai wani ya jefo maganar, wanda bai zo ba kuma ba shi da amsar da za ta shiga kunnen kowa, domin ba yadda zai nuna cewa rashin zuwansa ya hana wani abu faruwa. Shi kansa yana kwana da tambayar.

Wani abu kuma ya canza ba tare da an yi shawara ba. Kafin 2020, gaisuwar Sallah ta waya ana ɗaukarta rabin gaisuwa. Yanzu tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana sa jikanta ya danna mata WhatsApp ta saurari muryar ɗanta daga Tiripoli ko Duwala, ta maimaita sau uku, ta aika tata da addu'o'i, kuma ta ƙirga shi cikin waɗanda suka gaishe ta. Da aka sake rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, har zuwa watan Maris na 2024, 'yan bida da yawa sun sake makalewa, an yi bukukuwa da ta'aziyya ba su. A wannan karon ba mu samu waya ko ɗaya a shirinmu ta uwar da ke ƙarar ɗanta ba, domin kowa ya ga motocin da suka yi layi a Ƙonni da idonsa.